Abin da Gemun Auta Ya Ɓoye

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin wajenku, yaya kuma ciwon bayan nan naka da kake ɓoye wa Mama amma kake gaya wa kowa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa wa nemanka albarka, ya raya mana yaran nan cikin lafiya da imani. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da ƙafarta, in ta zauna ba ta son tashi, in ta tashi kuma ba mai iya zaunar da ita. Maigidana an dawo da shi reshen ma'aikatarsu da ke kusa da gida, yanzu da ƙafa yake tafiya, ya dawo da rana ya sa mini ido a kan tukunya. Babbar 'yata ta fara taɓa keken ɗinki, ta riga ta karya mini allurai ba adadi. Goggo ta zo ta yi mana kwana biyu ta koma, ta manta tabaranta a kan taga, har yanzu tana can tana rantsuwa cewa ɗauke mata aka yi.

Na san za ka ce me ya kai ni rubutu a wannan zamani. Dalili shi ne na san ka, na kuma san kaina. Kai ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuma ba na jure a katse ni, kafin a je ko'ina mun hau sama, mu rabu magana tana nan inda take. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe. Maganar Auta ce, kuma tun daga farko bari in kwantar maka da hankali, labarin mai daɗi ne. Auta ba ya shan komai, bai kuma taɓa sha ba. Ciwo ne ke cinsa, ciwon da ke da suna, yake kuma da magani, har ya fara shan maganin. Wallahi rabon da in ji zuciyata sakayau irin na kwanakin nan har na manta. Sauran bayanin kuwa dole ka ji shi dalla-dalla, domin har da kai a cikin waɗanda suka yanke masa hukunci.

Kai daga nesa kake jin labari, ni da idona na gani, tunda bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da shagon askinsa. Abin ya faro a hankali tun bara. Ka san Auta da jiki, mutumin da in ya tsaya a ƙofar shago sai an ce ya matsa haske ya shigo. Sai ga shi yana kawo mini wanduna in rage masa ƙugu. Na rage, ya dawo da su, na sake ragewa, har aljihunan baya suka kusa haɗuwa. Kuma ba wai ba ya ci ba ne. Ci yake kamar gara, ya cinye nasa, ya leƙo shagona ya share nawa, kafin yamma ya sake fita neman burodi. Zufa kuwa tun da sassafe, kowa na takure saboda sanyi, shi ya ƙure fanka, tawul a kafaɗa sharkaf. Amarya, har yau haka muke kiranta ga 'ya'ya biyu a gabanta, ta ce ba ya barci, juyi kawai yake yi yana cewa ƙirjinsa na bugawa. Ga yawan zagawa bayi, ga faɗa. Autan da ka sani, wanda yara ke hawa kansa yana dariya, ya koma abu kaɗan sai tsawa. Wata rana ya tashi wani dattijo daga kujera aski bai ƙare ba, don kawai ya ce a rage rediyo. Bayan nan ya shigo shagona ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana share ido, wai shi ma bai san abin da ya hau kansa ba.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne hannu, don mai aski ba shi da abin dogaro da ya wuce hannunsa. Ina jin ƙarar injinsa ta bango, kuma na san yadda take a da, tafiya ɗaya sumul. Sai ta koma tsayawa da tashi. Da na leƙa sai na ga yana tallafe hannun dama da na hagu kafin ya daidaita wa mutum gaban goshi. Reza kuwa ya daina taɓa ta, in aka ce a yi gyaran fuska sai ya ce ta ƙare, alhali ga kwalinta nan cike a kan kanta. Idanunsa suka firfito, suka yi ja, in ya kalle ka sai ka ɗauka wani abu ka yi masa. Masu zuwa aski suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, bencin da a da ake rigimar wurin zama a kai ya zama fayau. Ka kuma san masu zaman hira a bakin shago, ba sa rasa abin faɗa. Kafin mu farga unguwa ta ɗauka cewa Auta ya faɗa shaye-shaye.

Da a bakin mutanen waje abin ya tsaya da da sauƙi. Amma ka san Baba da tarihin da yake ji da shi. Shekara da shekaru yana kula da ɗakin kwanan ɗalibai, kuma har gobe yana bugun ƙirji cewa yaro mai shaye-shaye bai taɓa wuce shi ba, daga ido da hannu da zufa da yanayin ci yake gane shi. Mun tashi muna jin wannan karatu wurin cin abinci har mun haddace. To ranar da Auta ya je gaishe shi, Mama ta miƙa masa shayi, kofi ya rinƙa kaɗawa a kan faranti har ya zube masa a wando. Baba ya ajiye jarida, ya ce ya tashi tsaye ya miƙa hannuwa, kamar ɗan aji ɗaya, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya gama ganewa. Auta ya rantse, Baba ya ce duk haka suke rantsuwa. Auta ya fusata ya ɗaga murya, Baba ya ce wannan ma alama ce. Amarya, baiwar Allah, ta ce ta caje aljihu da durowa da ƙarƙashin katifa ba ta ga komai ba, Baba ya ce ai a nan ake gane wanda ya ƙware. Ka ga an kai inda ko me ya yi laifi ne. Ƙarshe Baba ya ce kada ya sake taka masa gida, kada kuma ya gaishe shi a hanya, har sai ya amsa abin da yake yi.

Daga nan ne kai ka shigo. Ba zan yi maka gori mai yawa ba, amma kaɗan dai sai ka sha. Kana can, ko hotonsa na kwanan nan ba ka gani ba, ka kira shi ka wanke shi tas, ka ce ya zubar mana da mutunci, ka kuma nemo gidan da ake tsare masu shaye-shaye, ka ce a kai shi ko da a ɗaure ne. Na san tsoro ne ya sa ka, ban manta da abokinka na makaranta da abin ya hallaka ba. Amma ni ce na tarar da Auta bayan wayar nan, zaune a kan kujerar askinsa, shago ba kowa, wayar na kan cinyarsa. Ya ce mini da Baba ne kaɗai da ya jure, don Baba ya saba, amma bai taɓa zaton Yaya ma zai yarda ba tare da ya tambaye shi ba. Ni kuwa ina tsaka mai wuya, zuciyata ta ƙi yarda, idona kuma yana ganin abin da kowa ke gani. Na yi faɗa da Baba har Mama ta ce in tattara in tafi gidana. Na yi faɗa da Auta ya je asibiti, ya ce ba inda za shi, shi lafiyarsa lau, gajiya ce kawai da ɓacin rai.

Abin dariya, taurin kan Baba ne ya kai mu asibiti. So yake ya sami shaida, wai ko a makaranta ba ya sa a kori yaro sai da hujja a hannu. Ya aiki Mama, tunda shi ba ya magana da Auta, ta gaya masa cewa in yana da gaskiya ya zo a auna jininsa, in kuwa aka ga wani abu, daga asibitin sai gidan da ka nemo. Na zaci Auta zai yi fatali da saƙon. Sai ya ce a je, yau ma in ana so, amma da sharaɗin Baba zai shiga har gaban likita ya ji da kunnensa. Haka muka ɗunguma, maigidana na tuƙi, Baba a gaba ya sha mur, Auta a baya ya sauke gilashi yana fifita da kwali. Baba ya ce in gaya masa ya ɗaga gilashin iska na damunsa, Auta ya ce in gaya wa Baba zafi yake ji. Haka na rinƙa kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke cikin mota ɗaya har muka isa.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar siririya, ba za ta kai ni shekaru ba. Ofishin ɗan ƙarami, gadon gwaji a jikin bango, sikeli a bayan ƙofa, famfo a kusurwa. Baba na ganinta ya gyara zama irin na wanda zai ba da darasi. Ta tambayi wane ne marar lafiyar, sannan ta tambayi Auta ko ya yarda mu zauna a ji komai da mu, ya ce ai don su aka zo. Baba bai jira an ba shi dama ba, ya shiga jero mata alamunsa: rama duk da yawan ci, rawar hannu, zufa ba dalili, rashin barci, saurin fushi, da idon nan da ya fito. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa ba ta katse shi ba, sai ma ƙara tambayarsa take yi, tun yaushe ya lura, ramar ce ta riga ko rawar hannun. Baba ya ji daɗi, ya saki jiki, har da cewa ai shi wannan aikinsa ne tun ba a haife ta ba. Da ya gama sai ta ce da duk mai kawo marar lafiya yana lura haka da aikinsu ya yi sauƙi, domin babu ko ɗaya cikin abin da ya faɗa da ba haka yake ba. Sai dai, in ji ta, ba shaye-shaye kaɗai ke kawo waɗannan alamu ba, don haka a bari ta duba.

Ta ɗora shi a sikeli. Ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon agogo, ta ce bugun zuciyarsa ya haura ɗari a minti, ga shi a zaune ba gudu ya yi ba. Ta taɓa tafinsa ta ji shi da ɗumi da danshi. Ta ce ya miƙa hannuwa, Baba ya gyaɗa kai irin na ai ni ma na yi wannan, ta ɗora fallen takarda a bayan yatsunsa, takardar ta rinƙa karkarwa. Ta sa ya bi yatsanta da ido sama da ƙasa. Sannan ta ce ya ɗaga gemunsa. Kai ba ka ga gemun nan da ya tara ba, ya sauko har ƙirji, kullum yana cikin shafa masa mai da taje shi. Da ya tattare shi sama, ta ba shi ruwa a kofi ta ce ya kurɓa ya haɗiye. Yaya, da idona na ga wani kumburi a gindin wuyansa ya hau sama ya sauko. Mutum yana wuni a gaban madubi yana duba wuyan kowa, bai ga nasa ba! Nan take na tuna rigunan da na ɗinka masa kwanaki, ko'ina sun yi masa yawa amma maɓallin wuya ya ƙi rufuwa, har muka yi cacar baki yana cewa awona ya lalace, ni kuma ina cewa wuyansa ne bai da tsari. Na gaya wa likitar, ta yi murmushi ta ce wannan ma shaida ce.

Daga nan ta yi mana bayani da magana mai sauƙi. Ta ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da suke kira tayirod, kuma kowa na da ita. Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari a cikin jini wanda ke tsara saurin da jiki ke aiki da shi. In ta zuba daidai, shi ke nan, ba ka ma san tana nan ba. In ta zuba fiye da kima, komai na jiki sai ya hau gudu, zuciya da hanji da zufa da tunani, har da fushi, abinci kuma ya ƙone tun bai zama jiki ba. Ni da na saba da keke nan da nan na gane, kamar a danne feda ne a ƙi ɗagawa, inji ya yi zafi, zare ya yi ta tsinkewa. Ta ce ciwon ya fi kama mata, shi ya sa in ya zo wa namiji ba a cika kawo shi a rai ba. Amma ta ce ba za ta yanke magana ba sai jini ya tabbatar, domin ido na iya kuskure. Da ta faɗi haka ko kallon Baba ba ta yi ba, Allah ya yi mata albarka. Baba dai bai sauka ba, ya ce shi gwajin da ya kawo shi fa? Ta ce wannan Auta ne zai ce e ko a'a, kuma a fitsari ake yinsa. Auta ya ce a yi duka, har da wanda ba a tambaya ba. Aka ɗebi jini, ya ba da fitsari, aka ce mu dawo.

Kwanakin jiran nan ban ji daɗinsu ba. Baba ya gaya wa Mama cewa yarinyar littafi ta karanta, shi kuwa mutane ya karanta. Ni kuma na rinƙa ɗinka hannun riga a baibai ina farkewa. Da muka koma, likitar ta juyo mana da fuskar kwamfuta, ta fara da abin da ya kawo Baba: fitsari tas, babu komai a ciki. Sannan ta koma kan jini, ta nuna mana abu biyu. Na farko sunansa T4, shi ne sinadarin da tsokar ke zubawa, ya haye can sama da inda ya kamata ya tsaya. Na biyu TSH, wai saƙo ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsokar ta ce ta ƙara aiki. Shi kuwa ya yi ƙasa har na'ura ta kusa kasa ganinsa, domin ƙwaƙwalwa ta ga abu ya yi yawa ta daina aike, tsokar kuma ba ta saurara ba. Ta ce in aka ga wancan a sama, wannan a ƙasa, ga kuma alamu a jiki, to magana ta ƙare. Akwai ma wani awon da ya nuna cewa garkuwar jikinsa ce da kanta ke zuga tsokar, ita ce kuma ta turo idanun. Ta ce ba wani abu da ya ci ba ne, ba wani abu da ya sha ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. Auta ya roƙe ta ta maimaita wannan na ƙarshen, ta maimaita. Sai ya kifa kai a teburinta ya fashe da kuka, ƙato da gemu, ni ma na taya shi ban ji kunyar kowa ba.

Magani iri biyu ta ba shi. Ɗaya na lafar da zuciya da rawar hannu, shi yana aiki da wuri. Ɗayan na rage wa tsokar ƙarfi, shi sai a hankali, kuma za a daɗe ana sha, wataƙila fiye da shekara, ana komawa awon jini ana daidaita shi. Ta ja masa kunne cewa in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da maganin ya zo a ranar, kada ya jira. Ni da bakina ba ya shiru na tambaye ta, da an kai shi an kulle a inda ba mai duba wuyansa fa? Ta ce zuciyar ce za ta gaji, kuma ciwon na iya tashi gaba ɗaya rana ɗaya ya kai mutum inda ba a fata. Jikina ya yi sanyi, kuma na san naka ma zai yi. Ta ƙara da cewa yana bin dangi, duk wanda ya ga irin alamun nan a jikinsa ya je a auna, don haka ku ma ku sa ido a can. Da Mama ta ji sai ta tuna ƙanwar kakarmu mai manyan idanu, wadda kowa ke ce wa masifaffiya, Allah ya jiƙanta, wa ya sani ko ita ma ciwo ne. Maigidana kuwa sai cewa ya yi a auna ni, ko faɗana na da magani. An auna, lafiya lau, nawa hali ne, sai dai ya ci gaba da haƙuri.

Na zaci daga nan komai ya wuce, ashe da saura. Tambaya ɗaya tak Baba ya yi wa likita kafin mu fito, ko ciwon yana kama samari 'yan makaranta. Ta ce ba kasafai ba, amma yana yi. Na san yaran da ya sa aka kora ne suka faɗo masa a rai. A mota titi kawai yake kallo. Mama ta ce tun daga ranar ya rage ci, jarida ma a ninke take wuni. Amma bai janye maganarsa ba, bai kuma aika wa kowa ba. Auta shi ma ya kafe, ya ce wanda ya kore shi shi zai kira shi. Jikinsa kuwa sai kyau yake yi. Ya fara barci, ya rage fanka, ya daina tsawa, har ya kawo mini wando ɗaya in ɗan buɗe masa. Sai dai benci bai cika ba, domin unguwa ba ta saurin janye abin da ta ɗauka, balle kowa ya san uban da ya haife shi ma ya yarda da maganar. Na je wa Baba da zafina, ya ce in fita in ba shi wuri, amma a hankali ya faɗa, har tausayinsa ya kama ni. Gaskiya na fara jin tsoron za mu sami lafiyar Auta mu rasa zaman gidanmu.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ina kan keke sai na ga Baba ya wuce ta gaban ƙofata da sandarsa, sanye da rigar da yake zuwa taro da ita. Na tashi na bi shi, almakashi a hannuna. Akwai 'yan mutane a benci, ga masu zaman hira a waje, su ne ma suka fi kowa yaɗa maganar. Baba ya yi sallama ya zauna a layi, aka ce ya wuce gaba ya ƙi. Da layi ya zo kansa sai ya cire hula, ya hau kujera, ya ce gyaran fuska yake so, kuma da reza. Ka san tunda Baba yake bai taɓa yarda wani ya kai masa ƙarfe wuya ba, shi ke yi wa kansa a gaban ɗan madubin bayi. Auta ya tsaya da zane a hannu, ya ce cikin ladabi hannunsa bai gama komawa daidai ba, a bari sai wani lokaci. Sai Baba ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce ya san hannun ɗansa, ciwo ne Allah ya ɗora masa kuma yana shan magani, duk wanda ya ji wata magana daban daga bakinsa, to shi ne ya yi kuskure, ba yaron ba. Yana gama faɗa ya jingina kai, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.

Wani ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Auta ya yafa masa zane, ya shafa kumfa, ya ɗauki reza. Ina ganin tana ɗan rawa. A hankali ya rinƙa bi, yana ja yana gogewa. Da ya zo ƙasan kunne sai ya ɗan yanke shi, jini ya fito a cikin kumfar. Auta ya rikice yana neman auduga yana ba da haƙuri, Baba kuwa ko motsi bai yi ba, ya ce ya ci gaba, ai da sauran ɗaya gefen. Idonsa a rufe, amma na ga ruwa na gangarowa ta gefe. Da aka gama ya duba madubi, ya juya nan ya juya can, ya ce gefen hagu ya ɗan fi na dama tsawo amma ba laifi. Ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa, sai da ya kai ƙofa ya ce Mama ta yi girki da Auta da iyalinsa, kada su makara. Sun kuwa je. Da na biya da yamma na tarar da takalman yaran a warwatse a ƙofar ɗakin Baba, ina jin hayaniyarsu a ciki, sai na zauna a dakali na yi wa Allah godiya kafin in shiga.

To Yaya, ka ji yadda aka yi. Mama na gaishe ka da kyau, tana sa maka albarka. Baba na gaishe ka, yana nan yana yawo da filasta a ƙasan kunne, wurin ya warke amma ya ƙi cirewa. Maigidana da yarana suna gaisuwa, haka ma Amarya da nata. Ka gaishe mini da Anti, ka ce na gode da addu'o'inta, ka shafa mini kan 'yan biyu, da Sarkin Surutu, da jaririyar da har yanzu ba mu ɗauka ba. Kafin in rufe takardar nan na leƙa shagon Auta, na ce masa ina rubuto maka, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana goge almakashi bai ɗago ba. Bai ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan ara masa baki ba. Abin da kawai ya ce shi ne lambarsa ba ta canja ba, kuma yanzu da wuri yake barci, in mutum zai kira ya kira da rana.

Allah ya sada mu cikin alheri. Wassalam.

Taka ƙanwa,
mai bakin nan da ka sani.